Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu masu jagorantar binciken kayan nano

Assalamu alaikum malamaina, farfesoshi da daktoci masu riƙe da ɗakunan binciken kemistiri, Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka.

Ni ɗaya ne daga cikin yaranku da ke tsayuwa gaban benci, mu ne masu wanke kwalabe da auna hoda da jiran na'ura ta gama karatu, kuma na rubuto ne a kan abu ɗaya tak da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana haɗa ƙwayoyin nano a lab, a raɗa musu suna, a rubuta takarda a kansu har a ce suna tsabtace ruwa ko suna kashe ƙwayoyin cuta ko suna hanzarta haɗuwar sinadarai, alhali ba a tsaya an tabbatar abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta ba, kuma takardar nan ba ta fita sai da sa hannunku a ƙasa. Don haka ku na nufa da maganar, da girmamawa, ba ɗalibai ba.

Kun fi ni sanin dalilin da ya sa girman ƙwaya ya zama komai a wannan fanni, amma bari in faɗa saboda masu karatu da ba 'yan lab ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin mutum kaurinsa ya kai wajen nanomita dubu 80 zuwa dubu 100, kayan nano kuwa ana maganar abin da ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100 ne. In ka ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, fatarsa gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ce, amma in ka daddatsa shi zuwa ƙananan dunƙulai masu nanomita 10, fatar ta koma murabba'in mita 600, nauyi bai canza ba, sinadari bai canza ba, sai dai yanzu atom masu yawa sun fito waje suna iya taɓa abin da ke kewaye da su. Shi ya sa zinare da kowa ya sani ba ya tsatsa ba ya shiga harkar kowa, a 1987 Masatake Haruta a Japan ya nuna in aka mayar da shi ƙwayoyi 'yan ƙasa da nanomita 5 a kan oksayid ɗin ƙarfe, yana mayar da iskar kabon monoksayid mai guba zuwa kabon dayoksayid ko a sanyin da ya yi ƙasa da sifili. Haka ɗigon kwantam, wato ƙananan ƙwayoyin nano masu fitar da haske, da aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel a kansu a 2023, sinadari ɗaya ne, kadmiyam selenayid misali, amma ƙanana su ba da hasken shuɗi ko kore, manya su ba da ja, bambancin 'yan nanomita ne kawai tsakaninsu. To in haka ne, wanda bai san girman ƙwayarsa da siffarta da abin da ya manne a fatarta ba, gaskiya bai san abin da ya haɗa ba, ko da kuwa ya haddace sunan sinadarin.

Ranku ya daɗe, haɗawar fa ba ita ce mai wuya ba, kuma a nan matsalar ta samo asali. Duk wanda ya taɓa yin hanyar Turkevich ta 1951 ya san daɗinta, ka ɗora ruwan gishirin zinare mai ɗan launin rawaya a kan wuta yana tafasa ana juya shi, ka zuba sitiret a lokaci guda, rawayar ta ɓace ruwan ya yi fari kamar ba komai, can sai ya yi duhu kamar shuɗi-baƙi har gabanka ya faɗi ka ce ya lalace, kafin 'yan mintuna ya washe ya koma ja mai zurfi mai ɗaukar ido, ka kai na'urar UV mai auna hasken da ruwan ke sha ka ga fik ɗinka, wato ƙololuwar zanen da take fitarwa, ya tsaya a wajen nanomita 520, wallahi ranar ɗalibi ji yake kamar ya gama digirin. In ka ɗebi kaɗan ka zuba masa gishiri kana kallo zai koma shuɗi, saboda ƙwayoyin sun rasa cajin da ke raba su sun cure wuri ɗaya. Abu ne mai kyau, ni ma har yanzu ina jin daɗin ganinsa. Amma launi da fik ɗaya ba su gaya maka ko ƙwayoyin nan girmansu ɗaya ba ne ko gauraye ne, ba su gaya maka nawa ne daga zinaren ya koma ƙwaya nawa ya rage a narke ba, ba su gaya maka yadda za su kasance bayan wata guda a firij ba. Michael Faraday ya yi jan ruwan zinaren nan tun 1857, ba shi da maikuroskof na elektiron, da tunani da gwaji kawai ya gane ƙananan gutsattsarin zinare ne ke yawo a ruwan, kuma har yau kwalabensa suna nan a Landan. Mu da muke da na'urorin da bai taɓa mafarkinsu ba, bai kamata mu tsaya a inda ido ya tsaya ba.

Inda abin ya fi yawa shi ne haɗin da ake yi da ruwan ganye. A tafasa ganye, a tace, a zuba a ruwan silba naitiret, ruwa ya yi ruwan ƙasa, a ga fik a tsakanin 400 da 450, shikenan an samu ƙwayoyin azurfa, gobe wani ɗalibin ya canza ganye ya maimaita komai ya fitar da wata takardar. Ba na raina wannan hanya, neman abin da zai maye gurbin sinadarai masu guba manufa ce mai kyau. Sai dai ruwan ganye shi kansa yana da launi, yana kuma ƙara duhu in ya sha iska, ganyen da aka tsinka da damina ba ɗaya yake da na rani ba, na ƙasa kaza ba ɗaya yake da na wata ƙasar ba, kuma ganye na ɗauke da kilorayid wanda da ya haɗu da azurfa sai ya ba da silba kilorayid, sau da yawa in ka duba zanen na'urar XRD mai gane irin ƙiristal ɗin da ke cikin hoda a irin waɗannan takardu za ka ga layukan silba kilorayid ɗin zaune ƙarara an yi shiru a kansu ko an sa musu tauraro an ce wai daga ganyen ne. Daga nan a ɗiga abin a kan faranti mai bakteriya a ga sun mutu a kewaye a ce ƙwayoyin nano ne suka kashe su, ba a gwada ruwan ganyen shi kaɗai ba, ba a gwada silba naitiret shi kaɗai ba, alhali kowa ya san narkakkiyar azurfa da kanta tana kashe bakteriya tun kafin a san wani abu wai shi nano. Malam, kai da ka karanta wannan babi kafin ya fita, me ya hana ka tambaya ina kwantirol, wato gwajin kwatanci irin waɗannan?

Sai maganar na'urori, nan kam ina so in ɗan daɗe. Kowace na'ura da idon da take kallo da shi, kuma babu wadda ke ganin komai. TEM, wato maikuroskof na elektiron, tana nuna maka ƙwayar ido da ido, amma ɗigo ɗaya ka busar a kan ɗan ragar tagulla, kuma a cikin ɗigon ma wani ɗan lungu ka ɗauka hoto, na sha zama kusa da mai sarrafa na'urar ana zagaya ragar, nan curi, can datti, can wasu manya-manya marasa siffa, ana ta wucewa har a iso wani gefe da ƙwayoyi goma sha suka jeru gwanin sha'awa sai a ce yawwa tsaya nan, ɗauki wannan. Hoton nan shi zai shiga takarda a matsayin wakilin kwalbar gaba ɗaya. Abin da ya kamata kowa ya sani, a ɗauki hotuna daga wurare daban-daban har da marasa kyan, a ƙirga ƙwayoyi ɗaruruwa, a zana yadda girmansu ya rarrabu, a faɗi guda nawa aka ƙirga. DLS kuma, mai auna girman ƙwaya ta hasken da ƙwayar ke watsawa, a ruwa take aunawa, tana haɗawa da rigar sinadari da ruwan da ke manne da ƙwayar, shi ya sa lambarta kan fi ta TEM, kuma tana da wani hali da ɗalibai da yawa ba a gaya musu ba, hasken da ƙaramar ƙwaya ke watsawa yana ƙaruwa ne da faɗinta in an ninka shi da kansa har sau shida, wato ƙwayar da ta ninka wata sau 10 a faɗi tana watsa haske sau miliyan, kamar fitilar babbar mota ce a tsakiyar masu riƙe da ashana, ita kaɗai za ka gani. 'Yar ƙura kaɗan ko curi biyu-uku sun isa su ɓoye dubban ƙananan. XRD da lissafin Scherrer na 1918 girman ƙiristal yake ba ka, ba girman ƙwaya ba, ƙwaya ɗaya tana iya ƙunsar ƙiristal da yawa, kuma in ba a cire faɗin da na'urar kanta ke ƙarawa layin ba lambar ba ta da amfani, amma sai ka ga an rubuta nanomita 23.47 har da ɗigo biyu kamar an auna da ma'aunin gwal. BET tana auna faɗin fata da iskar naitirojin a sanyin digiri 77 na Kelbin, in ba a gasa samfurin an kore danshi da kyau kafin a fara ba sakamakon ya tashi aiki. XPS kuwa, mai gano sinadaran da ke jikin samfur, saman fata kawai take gani, wajen nanomita 10, ba ta san abin da ke ciki ba. Ba laifin na'urorin ba ne, kowacce gaskiyarta take faɗa. Laifin shi ne a ɗauki ɗaya a ce ta wadatar, ko a sami lambobi uku da suka saɓa a zaɓi mai daɗin a ɓoye sauran, alhali saɓanin nan shi ne ke gaya maka wani abu game da kayanka.

Akwai labarin da nake so kowane sabon ɗalibi ya ji a makonsa na farko. Masu haɗa sandunan zinare na nano suna amfani da wani sinadari mai kumfa da ake kira CTAB, kuma an daɗe wasu lab suna samun sanduna masu kyau wasu kuma su bi hanya ɗaya sak su sami ƙwallaye, kowa na zargin hannunsa. A 2008 Smith da Korgel a jami'ar Texas da ke Austin suka gwada CTAB daga kamfanoni daban-daban suka ga na wasu yana ba da sanduna na wasu ba ya bayarwa, a 2009 suka gano dalilin, ɗan ayodayid ne da bai wuce 'yan kaso cikin miliyan ba a cikin wasu kwalaben, yana mannewa a fuskar zinaren ya hana shi tsawo. Irin haka ta faru da wani sinadarin, TOPO, da ake dafa ɗigon kadmiyam selenayid a ciki, ashe dattin da ke cikin mara tsabtar, wasu asid na fosforas, su ne ke juya siffar ƙwayoyin. Ku duba fa, ɗalibi nawa ne a duniya aka yi wa faɗa aka ce ba shi da hannu ko ba ya mai da hankali, alhali kwalbar da aka sayo ce ta bambanta. Wannan ya sa nake roƙonku ku tilasta a rubuta komai a littafin lab da kuma cikin takarda, kamfanin da aka sayi sinadari, lambar rukunin da ke jikin kwalbar, ranar da aka buɗe ta, irin ruwan da aka yi amfani da shi, saurin juyawa, girman tulun, ko an zuba a lokaci guda ko ɗigo-ɗigo, da yadda aka wanke gilashin. Ɗan maganaɗisun juyawa da aka yi aikin faladiyam da shi jiya, in ya tsage yana riƙe ƙarfen a jikinsa, gobe ya shiga tulun wani ya yi masa aikin da zai zaci nasa ne.

To mu zo kan gwajin aiki, wanda shi ne dalilin haɗa kayan tun farko. Gwajin da ya fi kowanne farin jini shi ne na shuɗin rini, metilin bulu, a zuba hoda a ruwan rinin a haska fitila a ga shuɗin ya dusashe a rubuta kashi 95 ya lalace. Ina rinin ya tafi? Hoda mai faɗin fata tana iya tsotse rini ta riƙe a jikinta ba tare da ta fasa ko ƙwaya ɗaya ba, in ka tace hodar za ka gan ta ta yi shuɗi shar, wato ka ɗauke dattin daga ruwa ka mayar kan hoda ne kawai. Rinin kuma shi kansa yana shan haske yana iya dusashewa ko ya taimaki hodar, sannan ɓacewar launi ba ta nufin sinadarin ya ƙare, yana iya karyewa zuwa gutsattsarin da ba su da launi amma suna nan a ruwan, wasu ma ba a san illarsu ba. Sai an bar shi a duhu tukuna har tsotsar ta tsaya, an gwada haske ba hoda, an auna jimillar kabon da ya rage a ruwan, an gwada da wani gurɓataccen da ba shi da launi kamar finol, an kuma kwatanta da hodar titaniyam dayoksayid ta P25 da duniya ta sani a ƙarƙashin fitila ɗaya da nisa ɗaya, sannan a buɗe baki. In sabon kayanka bai kai P25 ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne, sakamako ne.

A ɓangaren lantarki ma haka. An san wayar filatinam da ake sawa a ɗaya gefen tulun gwajin tana ɗan narkewa ta je ta zauna a kan kayan da ake gwadawa, sai ka ga katalis ɗin, wato kayan da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, da aka ce babu ƙarfe mai tsada a cikinsa yana ƙara ƙarfi kullum wajen fitar da haidirojin, ashe filatinam ɗin ne ya yi ƙaura. A 2014 rukunin Boettcher a jami'ar Oregon suka nuna ɗan ƙarfen ayon da ke ɓoye a ruwan KOH na kasuwa shi ke shiga cikin nikel ya ninka masa ƙarfin fitar da oksijin. A 2019 wata tawaga da masu bincike a Denmark suka jagoranta ta sake gwada katalis da dama da aka ce suna mayar da naitirojin zuwa amoniya a cikin ruwa, suka yi amfani da naitirojin mai nauyi 15 don a bi sawunsa, ba su ga amoniyar da ta fito daga iskar ba sai a hanyar litiyam kaɗai, sauran daga datti take zuwa, iskar ɗaki, safar hannu, numfashin mai gwajin, har da silindar gas ɗin kanta. Sannan ga Nicholas Leadbeater da ya wallafa a 2003 cewa ya yi haɗin Suzuki, wani haɗin sinadarai da aka saba yi da ƙarfen faladiyam, ba tare da faladiyam ba, a 2005 shi da kansa ya dawo ya ce a'a, akwai faladiyam wajen kashi 50 cikin biliyan a sodiyam kabonet ɗin da ya yi amfani da shi, kuma faladiyam ɗin ne ya yi aikin. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai, irin tarbiyyar da nake so ku ba mu kenan. Har ta kai a 2020 rukunin Martin Pumera suka gauraya girafin, wato siririyar shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya, da kashin tsuntsaye suka nuna shi ma ya fi girafin zalla aiki a gwajin lantarki, don su nuna wa duniya cewa in dai ƙa'idar ita ce ka zuba wani abu ka ga lamba ta ɗan motsa ka wallafa, to komai ma zai wuce.

Kar a ce wannan matsalar ƙananan lab ce kawai. A 2018 masu bincike a jami'ar ƙasa ta Singafo, tare da Novoselov da ya ci Nobel a kan girafin a 2010, sun sayi abin da ake sayarwa da sunan girafin daga kamfanoni 60 suka auna, yawancinsu girafin ɗin da ke ciki bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, babu wanda ya wuce rabi, sauran garin girafait ne, irin baƙin da ke cikin fensir. Yanzu ku tuna takardu nawa aka rubuta da irin wannan hoda an yarda da abin da ke jikin leda. Mujallar Nature kuma a 2016 ta tambayi masu bincike 1,576, sama da kashi 70 suka ce sun taɓa ƙoƙarin maimaita aikin wani ya ƙi, fiye da rabi suka ce nasu na kansu ma ya ƙi maimaituwa. Duk takardar da ba ta maimaituwa, wani ɗalibi ne a wani wuri zai ƙone watanni da sinadarai masu tsada yana binta, yana zargin kansa.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya a wani ɓangaren. Na'urorin nan suna da tsada, ba kowane lab ke da TEM ba, wani sai ya aika samfur wata jami'ar ko wata ƙasar ya jira watanni, ga ƙarin girma da aka ɗaure da yawan takardu, ga masu ba da tallafi suna son sakamako mai daɗin ji, ga ɗalibi lokacinsa na ƙarewa. Duk na yarda. Amma samfurin da ya yi wata uku a hanya ba shi ne wanda aka yi gwajin aiki da shi ba, ƙwayoyin nano suna tsufa, suna curewa, azurfa tana narkewa a hankali, fatar wasu tana shan oksijin, don haka ko ranar haɗawa da ranar aunawa aka rubuta an taimaki mai karatu. Kuma yawancin abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi, kwantirol ba ya buƙatar sabuwar na'ura, haɗa abu sau uku daga farko a ranaku daban maimakon auna kwalba ɗaya sau uku ba ya buƙatar tallafi, ba wa wani ɗalibin rubutacciyar hanyar ya bi ba tare da mai ita yana tsaye a kansa ba kyauta ne. Akwai ma ƙwayoyin zinare na ma'auni da hukumar NIST ta Amurka ta fitar masu nanomita 10 da 30 da 60, da irinsu ake gane ko na'urar lab tana faɗin gaskiya. In kuma abu ba a auna shi ba, a rubuta ba a auna ba, a rage girman iƙirarin ya yi daidai da hujjar. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu, ɗalibi yana kawo abin da ya ga malaminsa na murna da shi ne, ranar da ya kawo sakamakon da bai yi ba kuka ɓata rai, kun koya masa darasin da ba zai manta ba, gobe mai kyan kawai zai kawo.

Akwai kuma lafiyarmu, kuma wannan ba ta rabu da maganar farko ba, domin wanda bai san abin da ya haɗa ba bai san abin da yake shaƙa ba. Ku zo ku tsaya kusa da mai auna busasshiyar hodar bututun kabon a kan sikeli, ba ta da nauyi ko kaɗan, cokalin na matsowa take tashi tana manne wa safar hannu da bakin kwalba da gilashin sikelin, wanda ido ya gani kenan, wanda ya shiga iska ba a ganinsa. A 2008 Poland da abokan aikinsa sun nuna dogayen bututun kabon suna haddasa wa ɓeraye irin kumburin da asbestos ke haddasawa, a 2014 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa wani nau'insu, MWCNT-7, cikin abubuwan da ka iya jawo wa mutum cutar kansa, hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata kuma a 2013 ta ba da shawarar kada ya wuce maikurogiram 1 a kowace kubik mita ta iska a tsawon aikin awa 8. Ko titaniyam dayoksayid da ake ganin ba ruwansa, iyakar da suka ba mai laushin nano miligiram 0.3 ce a kowace kubik mita, ta gama-garin kuwa 2.4, ninki takwas kenan a sinadari ɗaya. Amma sai ka ga ɗalibi da takunkumin asibiti wanda iska ke shiga ta gefensa, yana aunawa a buɗaɗɗen benci, in ta zube ya share da busasshen tsumma ko tsintsiya ta ƙara tashi. Ga hanyar Hummers ta 1958 da kowa ke bi don yin girafin oksayid, famanganet a cikin asid ɗin salfa mai ƙarfi, in zafinsa ya haura wajen digiri 55 na Selsiyos abin da ke samuwa a ciki yana iya fashewa, sai an zuba kaɗan-kaɗan a cikin ƙanƙara ana duba ma'aunin zafi. Ga ruwan wanke zinare, kashi uku na haidirokilorik da ɗaya na naitirik, wanda in aka rufe shi a kwalba ko ya haɗu da asiton kwalbar na iya tarwatsewa. Waɗannan ba abin da za a bar sabon ɗalibi ya koya daga bidiyo ko daga na gaba da shi da shekara ɗaya ba ne, ku da kanku ya kamata ku tsaya a kansa ranar farko. Ragowar ruwan kadmiyam da na azurfa kuma don Allah a daina juye su a sinki, a tanadi jarka mai suna a jiki.

Abin da nake roƙo kenan malamaina. Kafin ku sa hannu a kan babi ko takarda, ku ce a kawo muku hotunan TEM gaba ɗaya ba zaɓaɓɓen ba, ku tambayi guda nawa aka ƙirga, sau nawa aka haɗa daga farko, wa ya maimaita banda mai aikin, ina gwajin duhu, ina na ba hoda, an tace katalis ɗin a tsakiyar aiki an ga ko ruwan ya ci gaba shi kaɗai, an sake auna kayan bayan an gama amfani da su ko sun canza. Masu aikin nano da ya shafi jikin mai rai suna da jerin mafi ƙarancin bayanan da ya kamata a bayar tun 2018, wanda ake kira MIRIBEL, ba abin da zai hana kowane lab ya zauna ya rubuta irin nasa a shafi ɗaya ya manna a bango. Da yawanku kuma ku ne editoci, ku ne masu duba takardun wasu, ku ne ke zama a kwamitin ƙarin girma da na jarrabawar digiri, in kuka fara karɓar babin da ya ce mun gwada bai yi ba ga kuma dalili, kuka ba shi makin da ya cancanta, ɗalibai za su daina ɓoye shi. A taron lab na mako mai zuwa ku ware rabin awa ku ce kowa ya kawo gwajin da ya ƙi masa, da littafinsa a hannu, a duba tare.

Allah ya saka muku da alheri a kan ilimin da kuke ba mu, ya ƙara muku haƙuri da mu.

Naku,
Ɗaya daga cikin ɗalibanku na lab